Godiyata ga dattijon da ya bi sawun ruwa da buta

Assalamu alaikum ƴan'uwa da abokan arziki na Tawa da kewaye.

Na so in rubuta wannan saƙo tun makonni uku da suka wuce, amma na ce bari tukuna motarmu da aka gyara wa yoyo ta sha ruwan sama, kada in yi godiya yau gobe in dawo ina kuka. Yanzu ta sha sau uku, har da na daren Talata da ya cika lungunmu. Da asuba na fita da tocila, na ɗaga tapi, wato shimfiɗar ƙasan mota, na shafa ƙarfen ƙasa da tafin hannu, na same shi a bushe ƙayau. Alhamdu lillahi.

Waɗanda suka san gidanmu sun san motar. Toyota Corolla ce ƙirar 1998, mai ruwan toka, wadda marigayi mahaifinmu ya sayo daga Kwatano a 2009, aka shigo da ita ta Gaya. Tun bayan rasuwarsa ita ce ƙafar Inna. Inna na fama da fuka shekara da shekaru, ba ta iya hawan kabu-kabu, ba ta jure ƙura. Da motar nan ake kai ta asibiti, da ita ake kai ta gaisuwa. Shi ya sa duk mai ce mini in sayar in huta, nakan yi shiru kawai.

Tun ƙarshen damanar 2023 na fara jin tapi na gefen mai zaman gaba da danshi. Rani ya shigo, ya bushe, na manta. Da damanar 2024 ta kama, wadda kowa ya san irin ruwan da ta zo da shi a ƙasar nan, gidaje nawa suka faɗi, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, sai abin ya wuce danshi. In an yi ruwa da dare, da safe ka taka ƙasan motar ka ji tsamo-tsamo. Gilasai su yi hazo daga ciki. Wani wari na funfuna ya kama kujeru, wanda turare bai iya rufe shi. Mu masu lafiya muna jurewa, amma Inna da ta shiga sai tari ya taso mata, numfashi ya riƙa yi mata ƙara. Wannan shi ya hana ni barci.

Na kai motar wurin masu gyara biyu. Ba zan faɗi ko ina ba ne, kuma ban riƙe kowa a zuci ba. Na farko ya dubi gilashin gaba, ko ƙofa bai buɗe ba, ya ce nan ne, ya zagaye shi da silikon. Na biyu ya ce gilashin ne dai, a cire a sa wani, in kuma ba kuɗi, ya huda mini ƙasan motar ruwa ya riƙa fita. Na biya na farko, na ƙi na biyu, ruwa kuma bai fasa shiga ba.

Sai daren da ba zan manta ba, cikin watan Agusta. Muna dawowa daga ta'aziyya a Badagishiri, ni da Inna da ƙanwata, hadari ya rufe mu a hanya bayan magariba. Da farko hannuwan sharar gilashi suka tsaya cak. Can fitilu suka fara kyaftawa. Kafin in sami inda zan raɓe, inji ya mutu. Ruwa na zuba ta ƙarƙashin tabulo, wato allon gaban mota na ciki, bisa ƙafafun Inna, ita kuma numfashi na neman gagararta.

Godiyata ta farko ta mutanen ƙauyen da ke bakin hanyar nan ce. Wani bawan Allah ya fito da fitila da buhu bisa kai, ya leƙo, ya ga tsohuwa, bai tambaye mu daga ina muke ba. Ya ce: "Ku fito da Inna, nan ba wurin zamanta ba ne." Matan gidansa suka shigar da ita ɗaki, suka ba ta busasshen zane, suka dama mata kunu mai zafi, suka zauna da ita har maganin shaƙarta ya kama. Samari huɗu suka tura motar gefe cikin ruwa. Na miƙa musu ɗan abin da ke aljihuna, babban cikinsu ya mayar mini da hannu. Allah ya san ku ko ban san sunayenku ba. Allah ya ba ku damana mai albarka, ya cika rumbunanku.

Ta biyu ta direban babbar motar da ya tsaya wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ya ɗaura mu da igiya, ya ja mu sannu a hankali har cikin Tawa, alhali shi Agadas ya nufa, tafiya na gabansa. Direba, in wannan saƙo ya iso gare ka, Allah ya kiyaye hanyarka, ya raba ka da sharrin ƙarfe.

Washegari mai gyaran lantarkin mota na unguwarmu ya buɗe gefen ƙafar mai zaman gaba, ya nuna mini mahaɗar wayoyi ta yi kore shar. Ya wanke, ya busar, ya sake waɗanda suka ci, mota ta tashi. Amma ya faɗa mini gaskiya: "Malam, aikina banza ne in ba a tare ruwan ba. Wannan karon wayoyi ya ci, wani karon ƙwaƙwalwar inji zai taɓa, kuɗinta kuwa ba na wasa ba ne." Shi ya kwatanta mini wani dattijo mai gyaran jikin mota, wanda muke kira tolye. Da ya so, da ya yi shiru na riƙa dawo masa duk mako. Na gode, ɗan'uwa.

To, dattijon nan shi ne dalilin wannan rubutu. Ya hana ni faɗin sunansa, zan kira shi Baba kamar yadda yaransa ke kiransa.

Da na gama ba shi labari, abin da ya fara yi shi ne ya dangwali ruwan da yatsa, ya murza, ya sunsuna. Na tambaye shi dalili. Ya ce ruwa uku ke jiƙa ƙasan mota a wannan gefen. Akwai na radiyeta, wanda ke bi ta na'urar ɗumama ciki da motocin Turai ke zuwa da ita. Shi yana da santsi da launi da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi. Akwai na na'urar sanyi, in bututun da ke zubar da shi waje ya toshe. Shi ko da rani yana zuba. Sai na sama. Ya ce nawa na sama ne. Sannan ya dube ni ya ce: "Ɗana, inda ruwa ya kwanta daban, inda ya shigo daban. Wanda ya ce maka ga wurin tun bai nema ba, canka ya yi. Ka bar mini ita kwana biyar."

Ina malamin makaranta, muna cikin hutu, sai na roƙe shi ya bar ni in zauna in gani. Ya ba ni benci.

Ranar farko ba a nemi komai ba. Yaransa suka kwance kujeru, suka ɗaga tapi gaba ɗaya. A nan na ga abin da ya tayar mini da hankali: sosan da ke ƙarƙashin tapi ya sha ruwa ya ƙoshi, ana matsa shi yana tsiyaya, ya yi baƙi da funfuna. Saman tapi kan bushe a yini guda, mutum ya ɗauka an gama, alhali na ƙasa na iya yin makonni yana jiƙe yana cin ƙarfe. Abin da Inna ke shaƙa ke nan duk tsawon damana. Baba ya cire ƴan robobin da ke toshe ramukan ƙasan motar, ruwan ya tsiyaye, aka bar ta a rana ƙofofi buɗe.

Sai da ta bushe sarai aka fara nema. Kayan aikin kuwa buta ce, da tocila, da gwangwanin hodar jarirai. Ya barbaɗa hoda a gefunan ciki, ya sa ƙaramin yaronsa ya kwanta rigingine da tocila, aka rufe ƙofofi. Shi kuma ya ɗauki buta yana zubawa siriri-siriri, ya fara daga ƙasa, ya jima a wuri guda kafin ya ɗan hau sama. Na ce: "Baba, da an jawo tiyo an watsa mata gaba ɗaya ba a fi sauri ba?" Ya ce in ka fara daga rufi, ruwan zai bi ko'ina, ya shiga ta hudar sama da ta ƙasa lokaci guda, ba ka san wace ce wace ba. In kuma ka sa ƙarfin famfo, za ka tura ruwa inda ruwan sama ba ya shiga, ka gyara abin da lafiyarsa lau. Hodar kuwa, duk inda ɗigo ya bi sai ya bar layi, sai a bi layin a koma asalinsa.

Gilashin gaban da aka ɗora wa laifi, ya zuba masa buta uku, ko ɗigo bai shiga ba.

Babbar ɓarnar tana ƙasa da shi kaɗan. Tsakanin gilashin gaba da kapo, wato marfin inji, akwai wani kwaroro ƙarƙashin marfin da hannuwan shara ke kai. Duk ruwan da ya gangaro daga gilashi nan yake taruwa, ya fita ta ramuka a gefe biyu, ya sauka bayan tayoyin gaba. A cikin kwaroron nan ne kuma bakin da fanka ke jan iska zuwa cikin mota yake. Da Baba ya cire marfin, sai ga laka ta daskare kamar ta gini, haɗe da ganyen dogon yaro da ƴaƴansa. Shekaru nake ajiye motar a inuwar dogon yaron ƙofar gida. Ƙurar hunturu ta zauna, ganye ya zuba a kai, ruwan farko ya kwaɓa su, ramuka suka toshe. In aka yi ruwa mai ƙarfi sai kwaroron ya cika ya tumbatsa, ya faɗa ta bakin iska, ya sauka daidai ƙafar mai zaman gaba. Laka ya kwashe ta kusan cika kwano, ya zura waya mai laushi ya buɗe ramukan, ya zuba buta, muka ji ruwa na faɗuwa ƙasa shaa.

Na ɗauka an gama. Ya ce a'a, bayan motar ma a jiƙe ya same shi, kuma wannan ruwan bai isa can ba.

Na biyu a ƙofar baya yake. Ban taɓa sanin cewa ruwa na shiga cikin kowace ƙofar mota ba, ko sabuwa ce: yana bi ta gefen gilashi ya gangara ciki, ya fita ta ƴan ramuka a gindin ƙofar. Abin da ke hana shi faɗowa cikin mota wata leda ce da aka manna tsakanin ƙarfe da marfin ciki. Ta motata an yage ta ranar da aka gyara abin ɗaga gilashi, ba a mayar ba, ramukan gindin kuma yashi ya cike su. Ya yanko leda mai kauri, ya manna da baƙin danƙo mai laushi wanda ba ya bushewa. Robobin bakin ƙofofi kuma ya gwada su da takarda: ya rufe ƙofa a kanta ya ja. In ta riƙe, robar na da rai. In ta zare salin-alin, ta mutu. Ɗaya ta mutu, zafin watan Afrilu da Mayu ya dafa ta har ta tsattsage. Ƙanena da ke Yamai ya bi masu tsofaffin kayan mota ya samo mai kyau, ya sa a motar safa washegari ta iso. Na gode, ƙanena, Allah ya yi maka albarka.

Na uku shi ne fitilar baya ta hagu. Sosan da ke tsakaninta da jikin mota ya ruɓe, ruwa na bi ta nan yana taruwa a ramin tayar ajiya. Da aka ɗaga tayar, ruwa ne kwance ja wur da tsatsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon motar nan kuwa wuri uku ya tsage.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne kankare silikon ɗin da aka shafa a banza. Baba ya ce irin mai warin tsami na gini ne, yana sa ƙarfe tsatsa, kuma in ya zauna a wuri babu danƙon da zai sake kamawa a kai. Gilashin mota da nasa danƙon daban. Yini guda yaronsa ya yi da reza yana bi a hankali don kada fenti ya tashi. Aka goge tsatsar ƙasa, aka shafa fentin hana tsatsa, aka mayar da robobin ramuka. Tsohon soso aka jefar, aka sa sabo. Tapi kuwa uwargidana ta wanke shi da sabulu sau biyu ta shanya kwana uku, kuma duk kwanakin nan ita ke aiko mana da abinci gareji, har yaran Baba. Allah ya saka miki da Aljanna.

Da na tambayi kuɗin aiki, abin da ya faɗa bai kai rabin kuɗin sabon gilashin da aka ce in saya ba. Na ƙara masa jika biyar, ya karɓa ya raba wa yaransa a gabana. Ya kuma ce kowace shekara kafin ruwan farko in kawo ta a buɗe kwaroron nan a share, ko in yi da kaina tunda na ga yadda ake yi, in kuma daina kwana da ita ƙarƙashin itace.

Baba, yabon gwani ya zama dole. Ka yi mini aiki, ka kuma koya mini, ba ka ɓoye komai ba. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci hannunka da zuri'arka, ya sa yaran da ke koyo wurinka su gaji haƙurinka. Maƙwabcina da ya ba ni aron motarsa sau biyu na kai Inna asibiti, da duk waɗanda suka kira suna tambayar jikinta, Allah ya bar zumunci.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kai Inna Badagishiri muka dawo, muka tsaya a ƙauyen nan ta gaisa da matan da suka karɓe ta, ta kai musu goro da sabulu. Tafiya da dawowa ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Da muka iso gida ta dafa ƙofar motar, ta yi wa mahaifinmu addu'a, sannan ta ce in gaida mata mai buta.

Baba, Inna na gaishe ka.