Abin da na gano ranar da na bar kamfanin wayata

Akwai wata durowa a teburina da nake jefa duk abin da ya shafi waya. Ranar da na yanke shawarar canza kamfani, na juye ta a kan gado, na zauna ina rarrabewa. Igiyar caja takwas na ƙirga. Uku masu ƙaramin bakin nan na Micro-USB, wanda sai ka juya shi ka sake juyawa kafin ya shiga. Biyar kuma masu bakin USB-C, kamanninsu ɗaya, ko da yake daga baya na gane aikinsu ba ɗaya ba ne. Ga batura biyu da suka kumbura, ga katin memori uku a cikin wata 'yar leda, ga wata gajeriyar igiya da ba ta kai tsawon yatsa ba, wadda na saya don in riƙa jona tsohon iyafis ɗina bayan an daina yi wa waya raminsa.

Wayoyi huɗu na riƙe cikin shekara tara, duk na kamfani ɗaya. Ba zan kama sunansa ba, domin maganar ba ta tsaya a kansa shi kaɗai ba. A wancan lokacin in aka zauna ana musun kyamara ko ƙarfin batir, ni ne kan gaba wajen kare nawa. Mutum nawa na sa suka sayi irin wayata? Ba sa ƙirguwa. Kuma har zuciyata na yarda cewa inganci ne ya riƙe ni.

Wayata ta farko, da farce nake ɓalle murfin bayanta in cire batir in saka wani. Ta biyu ta zo a manne da gam, bayanta gilashi, batir ba ya fita sai a hannun mai gyara. Ta uku babu ramin iyafis. Ta huɗu kuwa babu wurin katin memori, kuma da na buɗe kwalin, igiya kawai na tarar, babu kan caja. Kowane karo sai in ɗan yi ƙorafi na mako guda, in sayi abin da zai cike gurbin, in ci gaba da harkata.

Kasuwar ce gaba ɗaya ta bi wannan hanyar. Kamfanin Apple ya cire ramin iyafis mai milimita 3.5 daga iPhone 7 a 2016. A shekarar nan Google ya yi masa shaguɓe a tallar wayarsa ta Pixel ta farko, da shekara ta zagayo kuma Pixel 2 ta fito babu ramin. Samsung ya jure a manyan wayoyinsa har 2019, sannan Galaxy Note 10 ta zo babu shi. Haka aka yi da caja: iPhone 12 ta fito a 2020 babu kan caja babu iyafis a kwali, da hujjar rage sharar kayan lantarki, a farkon 2021 kuma Galaxy S21 ta bi sahu.

Ba na cikin masu cewa duk wannan canjin cuta ne. Wayar da aka rufe ruf ta fi jure ruwa da ƙura. Ta ukun nan ta taɓa suɓucewa daga aljihuna ta faɗa cikin bokitin ruwa, na tsamo ta na goge, ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Da ta farko ce, da shi ke nan. Sai dai da na jera kayan durowar a gabana, na lura da wani abu da ban taɓa haɗawa ba. Duk abin da aka cire, abu ne da ke sa waya ta yi aiki da kayan kowa. Ramin iyafis ba ruwansa da wanda ya ƙera iyafis ɗin. Katin memori za ka zare shi daga wannan wayar ka zura a waccan, ko a kyamara, ko a kwamfuta. Abubuwan da suka maye gurbinsu kuwa, wato iyafis na Bluetooth da rumbun ajiya na intanet da ake biya duk wata, sun fi yin aiki da kyau in na kamfanin da ya yi wayar ne. A hankali na saya duka, har da agogon hannu.

Abin da ya sa na tashi shi ne wayar ta huɗu ta daina samun sabunta tsaro, alhali lafiyarta ƙalau. Ina harkar banki da ita, hankalina bai kwanta ba. A daidai lokacin an fara gasar tsawaita wa'adin: Google ya yi alƙawarin shekara bakwai ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a 2024. Na duba na auna, na sayi wayar wani kamfani dabam da ya fi nawa daɗewa yana kula da wayoyinsa. Daga Android zuwa Android ne, don haka na ɗauka aikin awa ɗaya ne.

Tun a igiya aka fara samun cikas. Na jona wayoyin biyu da ɗaya daga cikin igiyoyin USB-C ɗin nan, sabuwar ta fara cajin tsohuwar, amma ba su ga juna ba. Na sake wata, bakinta ya saki, tana katsewa da an taɓa ta. Sai ta uku ta yi. Ashe siffar bakin ce kawai ɗaya. Cikin masu araha akwai waɗanda wuta kaɗai suke ɗauka. Da yawa suna tura bayanai da tsohon saurin USB 2, megabit 480 a daƙiƙa, wasu kuma gigabit 10 ko fiye. Ta fuskar wuta ma haka: igiya ta gama-gari tana tsayawa a wat 60, wadda za ta wuce nan sai da wani ɗan guntun na'ura a cikin kanta da ke shaida wa caja ƙarfinta. Ido ba ya bambance su, kuma yawancinsu ba a rubuta komai a jikinsu ba.

Hotuna sun ƙaura lafiya. Hirarrakin WhatsApp sun dawo daga Google Drive. Manhajojin da na saya a Play Store ma sun sauka ba tare da na sake biya ba. Har na fara murna, sai na je kiran wani abokin aikina na nemi lambarsa na rasa. Na duba wasu sunayen, su ma babu. Ƙanena yana zaune a gefe, ya karɓi tsohuwar wayar ya ɗan latsa, ya miƙo mini ya ce, "Yaya, ai ba a Google ka ajiye su ba. Duba, a asusun kamfanin suke." Tun ranar da na kunna wayata ta biyu, wayar ta zaɓi asusun kamfanin a matsayin wurin ajiye sababbin lambobi, ni kuma na danna amincewa ban karanta ba. Wannan ya zo da sauƙi, domin akwai tsari ɗaya da kowace waya ke ganewa, fayil mai suna vCard. Muka fitar da su a ciki, muka shigar a sabuwar, minti biyar an gama.

Rubuce-rubucena ne suka ba ni wahala. Shekara tara ina zuba komai a manhajar rubutu da ta zo da wayar: bayanan taro, lissafin bashi, sunayen magungunan mahaifiyata da lokutan shansu, kalmomin da 'yata ta fara furtawa da ranakun da ta furta su. Sun haura ɗari huɗu. Manhajar ba ta aiki a wayar kowane kamfani sai nasu, kuma hanyar fitarwa da na samu ita ce ɗaya bayan ɗaya. Dare uku na yi ina buɗewa, ina kwafa, ina liƙawa a wata manhaja da ke buɗuwa a kowace waya da kwamfuta. Wasu na yi su ne da rubutun hannu a kan allon wayar, waɗannan sai hotonsu na ɗauka. A dare na biyu na ci karo da wani da na rubuta a asibiti, layi uku kacal, abin da likita ya ce da ƙarfe nawa ya faɗa. Na daɗe ina kallonsa. Da wayar ta mutu kafin wannan daren, ko da kamfanin ya rufe manhajar, da ban san inda zan nemo shi ba. Akwai kuma wata kullalliyar jaka a cikin wayar da nake ajiye hoton fasfo da takardun makaranta, ita ma ba ta bi ƙaurar ba, sai da na buɗe ta na fito da su da hannu. Allah Ya taimake ni ban riga na goge tsohuwar wayar ba.

Sai maganar caja. Kan cajar da na saya wa wayar ta huɗu mai wat 65 ne, yana cika ta cikin abin da bai kai awa ba. Na jona sabuwar, ta fara shan wuta a hankali kamar da tsohuwar caja. Dalilin shi ne kafin wuta mai ƙarfi ta wuce, sai waya da caja sun fahimci juna. Akwai yaren da aka yi tarayya a kai, USB Power Delivery, amma wasu kamfanonin suna da nasu na kansu, in caja ba ta ji yaren da ta sani ba sai ta koma mafi ƙarancin ƙarfi. Agogon kuma ya haɗu da sabuwar wayar, yana ƙirga taku yana nuna saƙo, amma wasu ayyukan lafiyar da na saye shi dominsu sun rufe. Wanda ya ƙetara tsakanin manyan ɓangarorin biyu nasa ya fi nawa tsanani: Apple Watch ba ya haɗuwa da wayar Android, agogunan Samsung kuma tun daga Galaxy Watch 4 na 2021 ba sa aiki da iPhone.

A nan ne na zauna na yi wa kaina gaskiya. Sau biyu a baya na taɓa sha'awar wata wayar, sai in tuna agogo da iyafis da caja da rubuce-rubuce, in fasa, in ce ai nawa ya fi. Abin da na riƙa kira amana da kamfani, rabinsa tsoron wahalar tashi ne. Ana cewa sabo turken wawa, to amma wannan turken ba sabo kaɗai ya kafa shi ba, akwai waɗanda suka zauna suka tsara inda za a kafa shi. Kamfanin kuma ba ya ɗaure kansa da kai kamar yadda ka ɗaure kanka da shi. Nokia, da ta taɓa zama a hannun kusan kowa, ta sayar wa Microsoft sashen wayoyinta a 2014. LG ya rufe nasa a 2021. Masoyansu dole suka nemi wani wurin.

Ƙanwata iPhone take riƙewa tun da ta fara waya, kuma shekara da shekaru ba ma iya aron cajar juna. Tata a lokacin Lightning ce, wadda Apple ya kawo da iPhone 5 a 2012 a madadin faffaɗan bakin nan mai fil 30. Abin da ya sauya wannan doka ce. Tarayyar Turai ta zartar a 2022 cewa daga 28 ga Disamba 2024 duk sabuwar wayar da za a sayar a ƙasashenta mai caji da igiya sai ta kasance da USB-C, kuma iPhone 15 ta fito da shi tun 2023. Masu sukar dokar suna cewa za ta daƙile ƙirƙira. Ni da na ƙirga igiya takwas a kan gadona, ina goyon bayanta, kuma ina jiran in ga abin da ɗaya dokar tasu, ta batirin da mai waya zai iya sauyawa, za ta haifar in ta fara aiki a 2027.

Yanzu kafin in saka wani abu mai muhimmanci a kowace manhaja, sai na fara neman inda ake fitar da shi. In ban ga hanyar ba, ba na farawa. Sabon kan cajar da na saya, ban dubi sunan kamfani ba, na dubi ko an rubuta Power Delivery a jikinsa, kuma yana cajin wayata da kwamfutata. Agogon na ba wa ƙanena, tunda irin tsohuwar wayata yake riƙewa, ni kuma ban sayi wani ba tukuna. Ina jin daɗin sabuwar wayar, amma na daina shiga musu a kanta.

Cikin igiyoyi takwas ɗin nan biyu na bari. Na naɗa wa mai tura bayanai jan salatif don in riƙa gane ta. Katunan memorin uku na nemo musu wata 'yar na'urar karantawa mai bakin USB-C, na kwashe abin da ke ciki, har na samu bidiyon 'yata tana koyon tafiya, wanda na ɗauka ya ɓace tun wayar farko. Muna cikin kallonsa ne ƙanwata ta ce, "Yaya, ara mini cajarka, wayata ta kusa mutuwa." Na zare igiyar daga wayata na miƙa mata, ta jona a tata, muka mayar da bidiyon farko.