Ni da koren shayi

Wata huɗu ina shan koren shayi da zarar na gama cin abinci, da fatan rage ƙiba. Sai gwajin jini ya nuna sinadarin ayon, wato ƙarfen da jini ke buƙata, ya yi mini ƙasa. Likita ta ce in riƙa ba da tazarar awa ɗaya, domin shayin na tauye wa jiki tsotsar ayon na ganye da hatsi.

Na koma karatu. Ashe ragin ƙibar da bincike ya gano ɗan kaɗan ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali, a 2018 hukumar kula da ingancin abinci ta Turai, EFSA, ta ce ƙwayoyin EGCG, wani sinadari da ake tatsowa daga koren shayi, daga miligram 800 a rana, na iya taɓa hanta. Shayin dai ban bari ba, da hantsi nake sha yanzu.