Wasiƙa daga Baltimo: Jarrabawar lasisin inshorar mallakar gida

Zuwa ga 'yan uwa masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto muku wannan wasiƙa ne daga birnin Baltimo na jihar Merilan a Amurka, inda na shafe wata biyu ina shirin wata jarrabawa wadda bayaninta ke ba ni wahala duk lokacin da aka kira ni daga gida. Ranar da na gaya wa yayana cewa lasisin sayar da inshorar mallakar gida nake nema, sai ya tambaye ni ko ta gobara ce ko ta ambaliya. Na ce masa babu ko ɗaya. Inshorar gobara da ta mota abin da zai faru gobe suke tsoro, ita kuwa wannan abin da ya riga ya faru jiya take bi: sa hannun jabu a wata tsohuwar takardar ciniki, ko magajin da aka sayar da gida bai sani ba, ko bashin da ya rataya a wuyan gidan tun zamanin wanda ya mallake shi kafin kai, ko kuskuren magatakarda wajen rajista. Sau ɗaya ake biyan kuɗinta, ranar da aka kammala ciniki, kuma tana kare mai gida muddin gidan yana hannunsa ko hannun magadansa.

Abin da ya kai ni ga wannan karatu shi ne aikin da nake yi na notari, wato mai shaida sa hannu da hatimin hukuma. A Merilan, duk wanda zai zauna da mai saye ko mai karɓar bashin gida ya jagoranci sa hannu a takardun kammala ciniki, inda ake bayar da irin wannan inshora, sai ya mallaki lasisin hukumar inshora ta jihar. Kowace jiha da dokarta da jarrabawarta, har ma akwai jihar Ayowa da ta hana kamfanoni sayar da wannan inshora a cikinta, ta kafa nata shirin lamuni a ƙarƙashin gwamnati. Jarrabawar tamu a kan kwamfuta ake yi, a cibiyar da ake barin waya da jaka a waje, tambayoyin na zaɓi ne, kuma sai an sami kashi 70 cikin 100 ake cewa an ci.

Sana'ar tana da tarihin da ake so ɗalibi ya sani. A 1868 kotun ƙolin jihar Fensilbaniya ta yanke hukunci a shari'ar Watson da Muirhead. Muirhead mai binciken takardun fili ne, ya ga wani bashin kotu a kan filin da Watson zai saya, ya tambayi lauya aka ce masa bashin ba shi da tasiri, sai ya ba da tabbacin cewa filin ba shi da matsala. Daga baya aka yi gwanjon filin saboda bashin, kotu kuma ta ce mai binciken bai yi sakaci ba, don haka asarar ta Watson ce shi kaɗai. Wannan ne ya sa jihar ta yi dokar da ta ba da damar irin wannan inshora a 1874, aka kafa kamfanin farko mai sayar da ita a Filadelfiya a 1876.

Makonnin farko na yi su ne a kan hadda, irin wadda muka saba da ita tun muna 'yan makaranta. Na yanka katuna, kalma a gaba ma'ana a baya, ina bita a cikin mota da bayan sallar asuba, amma duk gwajin da na yi wa kaina sai in faɗi, domin tambayoyin ba ma'anar kalma suke nema ba. Labari suke ba ka na mutum uku da gida ɗaya, su ce wa ke da gaskiya. Wata dattijuwa da ta tsufa a aikin binciken takardun filaye ce ta ce in ajiye katunan, in zaɓi gida guda in bi asalinsa da kaina.

Na zaɓi gidan da nake haya, ɗaya daga cikin gidajen jan bulo na Baltimo da ke manne da juna a jere, masu matakalar farin dutse a ƙofa. A Merilan ofishin magatakardan kotu ne ke ajiye rajistar filaye a kowace gunduma da kuma birnin Baltimo, kuma an ɗora littattafan a intanet, kowa na iya dubawa ba tare da ya san wani a ofis ba. Har yau da Latin suke kiran littafi da shafi, Liber da Folio. Na buɗe takardar da mai gidanmu ya sayi gidan da ita, a ƙasan bayanin iyakoki na sami jimlar da ke cewa wannan shi ne filin da wane ya samu daga wane, a littafi kaza shafi kaza. Na je wancan shafi, shi ma ya tura ni wani, kamar mai bin salsalar dangi daga uba zuwa kaka, har rubutun kwamfuta ya koma na tafireta, na tafireta ya koma rubutun hannu mai lanƙwasa wanda sai na ƙara girman shafin kafin in karanta. Kowace jinginar banki da na tarar a hanya sai na nemo takardar da ta warware ta. Akwai guda da na yi dare biyu ina nema, ashe an rubuta sunan mai gidan na lokacin da kuskuren harafi ɗaya a jerin sunaye. A wannan dare na gane dalilin sana'ar fiye da yadda littafin karatun ya fahimtar da ni. Gani ya kori ji.

A nan kuma na ci karo da abin da ke rikita abokan karatuna Amurkawa, ni kuwa ya zo mini da sauƙi. Gidaje da yawa a Baltimo ginin ne naka, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta wani ce, kana biyansa ɗan kuɗin haya duk shekara bisa yarjejeniyar shekara 99 da ake sabuntawa har abada. Jihar ta hana ƙirƙirar sababbin irin wannan haya a gidajen zama tun 2007, amma tsofaffin suna nan. Wanda ya taso a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta Nijeriya ta 1978, inda ƙasa ke hannun gwamna a matsayin amana, mutum kuma ya riƙe takardar izinin zama ta shekara 99 yana biyan kuɗin ƙasa, ba ya bukatar dogon bayani a kan haka.

Inda na sha wuya shi ne wuraren da tarbiyyar gida ke raɗa mini amsa, amsar kuma ta zama kuskure. Idan mutum ya sayar da gida ɗaya ga mutum biyu, hankalina yana ba ni cewa na farko ne mai gida, tunda akwai shaidu kuma unguwa ta sani. Dokar Merilan ta ce idan na biyun ya biya kuɗinsa da zuciya ɗaya, bai san da cinikin farko ba, kuma ya riga kai takardarsa rajista, to shi ne mai gida. Babu mai unguwa da za a je wurinsa, babu dattijon da zai ce a gabana aka yi.

Sai maganar la'ada. A wurinmu wanda ya kawo maka mai saye yana da haƙƙi a kanka, hana shi kuwa rowa ce da rashin sanin ya kamata. A nan sashe na 8 na dokar tarayya ta 1974 da ake kira RESPA ya haramta bayarwa ko karɓar wani abu mai daraja don an turo maka abokin ciniki a harkar kammala cinikin gidan da ke da bashin banki, kuma hukuncin yana iya kaiwa tarar dala 10,000 ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyun. Tambayoyin gwaji suna son wannan wuri ƙwarai: dillalin gidaje ya turo maka mutum biyar, ka saya masa tikitin kallon wasa don godiya, shin ya halatta? Sau biyu ina zaɓar cewa ya halatta tunda kyauta ce ba kuɗi ba. Hujjar masu dokar ita ce duk abin da ka ba dillali a ƙarshe daga aljihun mai sayen gida zai fito, shi kuwa bai san an yi ba. Na yarda da hujjar, ko da yake har yanzu ina jin nauyin in karɓi alheri in yi shiru.

Babin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na yadda mutum biyu ke mallakar gida tare, saboda ya shafi gado. Akwai tarayyar da kowa ke da kasonsa, in ya rasu kason ya shiga dukiyar da za a raba wa magadansa. Akwai kuma wadda in ɗaya ya rasu gidan gaba ɗaya ya koma hannun wanda ya rage nan take, kuma a Merilan haka ake ɗaukar gidan da mata da miji suka saya da sunansu tare in ba a rubuta akasin haka ba. Wasiyya ba ta sauya wannan. Ma'ana, Musulmin da ya sayi gida da matarsa a haka, ranar da ya cika gidan ba zai shiga rabon gado ba a idon dokar jiha, iyayensa da 'ya'yansa ba su da kaso sai abin da matar ta ga dama. Na san mutanenmu da dama a nan sun sa hannu a irin wannan takarda ba tare da an fassara musu wannan layi ba. Hukuncin inshora ita kanta a shari'a hurumin malamai ne, na bar musu; amma wannan layi guda ya kamata duk wanda ke da ɗa ko ƙani a Amurka ya tambaye shi a kansa.

Sauran karatun na natsuwa ne kawai. Dole ka bambance inshorar mai gida da ta banki: ta banki bashin kawai take karewa, tana raguwa yayin da ake biya, kuma ko da yake mai saye ne yawanci ke biyan kuɗinta, ba ta kare shi da ko sisi. Dole ka iya karanta takardar alkawarin da kamfani ke bayarwa kafin ciniki, wadda ɓangarenta na farko ke faɗin sunan mai gida da iyakokin fili, na biyu kuma ya jero sharuɗɗan da za a cika da abubuwan da inshorar ba za ta ɗauka ba, kamar haƙƙin kamfanin lantarki na ratsa bayan gida. Dole ka san cewa tun Oktoban 2015 sai takardar lissafin ƙarshe ta isa hannun mai karɓar bashi kwana uku na aiki kafin ya sa hannu. Kuɗin mutane kuma a asusun amana suke zama, haɗa su da naka ko na awa ɗaya laifi ne da ke iya cin lasisi.

Ba zan ɓoye muku ba, karatun ya sa na ga aibin sana'ar da nake neman shiga. Abin da kamfanonin ke biya na diyya bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin da suke karɓa ba, kuma rukunin kamfanoni huɗu ne, Fidelity National da First American da Old Republic da Stewart, suka riƙe mafi yawan kasuwar. Su suna cewa kuɗin yana tafiya ne wajen bincike da gyara matsala kafin ta faru, kuma akwai gaskiya a ciki, amma tushen abin shi ne ofishin rajista a yawancin Amurka ajiye takarda kawai yake yi, ba ya tabbatar da ingancinta. A Ostireliya, inda tsarin Torrens ya fara a 1858, gwamnati ce ke tsaya wa abin da ke cikin rajista, don haka bukatar irin wannan inshora kaɗan ce. Shi ya sa idan aka tambaye ni abin da zan so hukumomin filaye irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna su ɗauka daga nan, ba inshorar zan ambata ba. Littafin rajistar nan zan ambata, wanda baƙo ɗan haya irina ya zauna a ɗakinsa da tsakar dare ya bi asalin gida har zuwa zamanin rubutun hannu, bai nemi alfarmar kowa ba.

Saura mako biyu in shiga jarrabawar. Abin da ya rage mini shi ne lissafi: harajin sauya mallaka na jiha, wanda yake rabin kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin gida, da na gunduma da na rajista waɗanda suka bambanta daga wuri zuwa wuri, da yadda ake raba harajin shekara tsakanin mai saye da mai sayarwa gwargwadon kwanakin da kowa ya riƙe gidan. A nan ne nake yawan tuntuɓe, musamman in ciniki ya faɗo tsakiyar wata. Ina roƙon ku sa ni a addu'a, ku kuma gaishe mini da mutanen gida baki ɗaya.

Wassalam.

Naku,
Ɗan uwanku a Baltimo