Kundin Binciken Likitan Ido Ya Wuce Sharaɗin Jarrabawa

Likitan da ya shiga horon ƙwarewa a fannin ido a Najeriya, ko a ƙarƙashin kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, ba ya kammalawa sai ya yi bincike, ya rubuta kundi, ya kare shi a gaban malamansa. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ture wannan aiki zuwa ƙarshen horo, a yi shi a gurguje tsakanin ɗakin tiyata da layin marasa lafiya, daga nan kundin ya hau kanta ya sha ƙura.

Alhali kuwa mun ga amfanin bincike a ƙasar nan. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya duba mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, yanar ido ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido yana biye da ita, kuma kashi 84 makanta ce da za a iya hanawa ko warkarwa. Shi ne ya bayyana yawan masu kai idonsu wurin masu maganin gargajiya a tura yanar ciki da allura, da mummunan sakamakon hakan. Tun kafin nan, gwajin da Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka yi a ƙauyukan Jihar Kaduna, wanda aka wallafa a 1993, ya nuna cewa maganin ivermectin yana rage lalacewar jijiyar gani ga masu cutar makantar kogi.

Irin wannan aiki koyonsa ake yi, kamar yadda ake koyon riƙe wuƙar tiyata. Ya kamata tun shekarar farko a koya wa likita yadda ake tsara tambaya, da lissafin yawan mutanen da za a duba, da neman yardar marar lafiya da harshen da yake ji, sa'an nan a ware masa watanni da malami mai karanta abin da ya rubuta da gaske. Tambayoyin kuwa suna nan a asibiti kullum: me ya sa mai hawan jinin ido yake daina ɗiga magani, kuma mutum nawa ne suke gani sosai mako 6 bayan an cire musu yana? Cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na cocin ECWA da ke Kano suna ganin marasa lafiyar da suka isa a amsa waɗannan tambayoyi, muddin an adana bayanansu da kyau.