Akwatin Hajiya da ya tafi Kano kyauta

Kawuna yana da shagon awon kaya a Misfala, nan Makka, inda alhazai ke kawo tsarabarsu, dabino da darduma da jallabiyoyi, a auna a tura gida. Ni na rubuta masa ɗan shirin kwamfuta da harshen C++, ka ba shi nauyi ya fitar maka da kuɗi a riyal. Ya yi wata biyu ko tari bai yi ba. Sai da alhazai suka sauko daga Mina, layi ya kai bakin titi, yaron shago ya buga nauyi, shirin ya mutu nan take. Abin da ya bari a allo shi ne std::invalid_argument, wato kuskuren an ba shi abin da bai dace ba, ita kuma what(), mai faɗin bayanin kuskure, ta ce "stod". Kalma ɗaya tak, kamar gaisuwar mai fushi.

Yaron ba shi da laifi. A nan aka haife shi, hannunsa ya saba da lambobin Larabci, sai ya rubuta ٢٣. Ita kuwa std::stod, mai mayar da rubutun da aka buga ya zama lamba, lambobin boko take ganewa, 0 zuwa 9. Kowace lambar Larabci a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa, bayit biyu ce, da ta duba ba ta ga abin da ta sani ba sai ta jefa kuskure, ni kuma ban ajiye mai cafkewa ba.

Gyaran da na yi a daren shi ne abin kunyar. Na sa catch(...), mai cafke kowane irin kuskure, ya haɗiye komai ya mayar da sifili. Shirin ya daina mutuwa, na kwanta ina jin kaina gwani. Bayan kwana uku Kawu ya kira ni, takardar lissafin wani jagoran alhazai a hannunsa. A jikin akwatin wata Hajiya an rubuta kilo 31, a rasit kuwa riyal 0, kuma kaya sun riga sun wuce Jidda.

"Ɗan nan, gidan sadaka ka buɗe mini ban sani ba?"

"Kawu, a yi haƙuri, so na yi kada ya riƙa tsayawa."

"Ya tsaya mana! In ya tsaya ai ina gani."

Ranar na zauna na karanta stdexcept, kundin C++ na ire-iren kuskure, da kyau. Uwar gidan ita ce std::exception. A ƙarƙashinta akwai logic_error, na kuskuren da mai rubuta shiri ya kamata ya hana tun farko, da runtime_error, na abin da sai ana cikin aiki yake ɓullowa. Abin da ya ɗaure mini kai, invalid_argument da out_of_range (na lambar da ta wuce iyaka), waɗanda stod ke jefawa, duk 'ya'yan logic_error ne, alhali abin da yaro zai buga da tsakar rana ba a hannuna yake ba. Don haka na cafke su a daidai wurin karanta nauyi, na jefa nawa ajin kuskuren, KuskurenAwo, wanda ya gaji runtime_error, da saƙon da mutum zai fahimta: lambar akwati kaza, an rubuta kaza, ba a gane shi ba, a sake bugawa. Ina cafkewa da const da &, don kada a yanke wa kuskuren abin da ya ƙara a kan na uwarsa. Jerin catch ma da muhimmanci: wanda ya fara dacewa shi ke kamawa, in ka sa std::exception a sama ta kwashe komai, na ƙasa su zauna zaman banza.

Akwai wani tarkon da babu catch ɗin da zai kama shi. Ka ba stod "23,5" da waƙafi, za ta karanta 23 ta yi shiru, rabin kilo ya bi iska. Sai ka ba ta ma'ajiya ta biyu ta gaya maka inda ta tsaya, in ba ta kai ƙarshen rubutun ba kai ka jefa kuskuren da kanka.

Daga baya na ƙara layuka kaɗan masu mayar da ٠ zuwa ٩ lambobin boko kafin stod ta gan su. Yaron na nan yana buga Larabcinsa. Kuɗin akwatin Hajiya kuwa Kawu ya cire a cikin ladana.