Na je kallon birai a Jibraltar, sai na tarar ana zaɓe

Wallahi ni ba zaɓe ya kai ni ba, hutun kwana uku na samu a wajen aiki nan Ingila, abokina kuma ya daɗe yana damuna da cewa in zo in ga dutsen Ɗariƙ bin Ziyad da idona, wanda muka sha ji a darasin tarihi tun muna islamiyya. Sunan garin ma daga nan ya fito, Jabal Ɗariƙ, a nan ya sauka da rundunarsa a 711 kan hanyar Andalus. Na sayi tikiti kawai ban duba komai ba, ashe ranar Alhamis 12 ga Oktoba 2023 suke zaɓen majalisa, ni kuma Laraba na sauka.

Abin da ya fara ɗaure min kai filin jirgin ne. Ka fito da jakarka, hanyar shiga gari ta ratsa ta tsakiyar titin da jirgi ke sauka, in jirgi zai taso sai a rufe shinge kowa ya tsaya kamar ana jiran jirgin ƙasa ya wuce. Motoci yanzu ta ramin ƙarƙashin ƙasa suke bi, a shekarar aka buɗe shi, amma masu ƙafa da keke har yanzu ratsawa suke. Na tsaya ɗaukar hoto wani ma'aikaci ya daka min tsawa, na ja jakata na yi gaba.

Garin, wanda ke ƙarƙashin Ingila amma yana manne da kudancin Sifen, gaba ɗaya bai kai murabba'in kilomita 7 ba, mutanen ba su kai dubu arba'in ba, wato wata unguwar a Kano ta fi su yawa nesa ba kusa ba, amma suna da majalisarsu da ministocinsu da kuɗinsu, fam ɗin Jibraltar, darajarsa ɗaya da na Ingila. Gwamna Sarkin Ingila ke naɗa shi, tsaro da hulɗar waje na hannunsa, sauran kuwa su haraji, asibiti, makaranta, gidaje, duk na zaɓaɓɓu ne.

Mai tasin da ya hau da mu dutse ranar Alhamis da safe shi ya warware min yadda abin yake, dattijo ne mai surutu, yana jefa Turanci yana haɗawa da Sifaniyanci a jimla ɗaya, yaren nasu kenan Yanito. Ya ce kujeru 17 ne, kuma babu mazaɓu, garin duka mazaɓa ɗaya ce, kowane mutum yana da ƙuri'a har 10 a takarda ɗaya. Shi ya sa babbar jam'iyya mutum 10 take tsayarwa, wadda ta ci yawanci ta kwashe goman ta bar wa 'yan adawa 7. Na ce to Baba kai wa za ka yi? Ya yi dariya ya ce takwas daga can biyu daga nan, don ɗaya daga cikin biyun ajinsu ɗaya da ƙaninsa, ba zai iya haɗa ido da uwar yaron a kasuwa ba in bai sa masa ba. Na ce ashe kara ba mu kaɗai muka iya ta ba.

Birai kam na gan su, har sun fi yadda nake so. An gargaɗe mu kar a ba su abinci akwai tara, ni kuma na manta da ledar biskit a aljihun jaka, kafin in ankara wani ƙato ya dira a kafaɗata ya zuge zif ɗin kamar shi ya saya, ya zare ledar ya koma kan katanga yana ci yana kallona. Turawa na ta dariya, ni ko ƙafata rawa take.

Da muka sauko na bi ta Main Street zuwa dandalin da majalisar take, gini ne ɗan madaidaici, in ba a nuna maka ba sai ka wuce. A ƙofar wata rumfar zaɓe na tsaya kallo, 'yan jam'iyyun biyu na tsaye suna miƙa wa mutane 'yan katuna masu sunayen mutum goman nasu, suna hira da juna, wata tsohuwa da sandarta ta karɓi na kowa ta cusa a jaka ta shige. Shaguna a buɗe, ba a hana zirga-zirga ba, ban ga soja ko ɗaya ba. Takarar tsakanin Fabian Picardo ne na ƙawancen jam'iyyun GSLP da Liberal, wanda yake Babban Minista tun 2011 yana neman zango na huɗu, da Keith Azopardi na jam'iyyar adawa ta GSD, dukansu lauyoyi. Abin da na ji ana ta ƙorafi a kai gidaje ne da bashin gwamnati, sai maganar boda.

Bodar nan ita ce komai. A zaɓen raba gardama na 2016 kashi 96 nasu suka ce a zauna cikin Tarayyar Turai, Ingila ta fice ta ja su, ga mutum wajen dubu 15 da ke tsallakowa kullum daga ɓangaren Sifen su yi aiki su koma, lokacin kuma ba a gama yarjejeniyar yadda za a yi da shigen ba. Amma duk faɗan da suke, ka ce musu su koma ƙarƙashin Sifen sai ka ga sun zama uwa ɗaya uba ɗaya. Tun 1713 Sifen ta sallama wurin a yarjejeniyar Utrecht kuma har gobe tana so a dawo mata da shi, a 1967 aka tambaye su mutum 44 kacal suka zaɓi Sifen, shugaban Sifen na lokacin Janar Franco ya fusata ya rufe bodar a 1969, ba a buɗe ta gaba ɗaya ba sai 1985.

La'asar a masallacin Ibrahim al-Ibrahim na yi ta, can ƙarshen garin a bakin teku, Sarki Fahad na Saudiyya ya gina shi aka buɗe a 1997. Kana fitowa ga duwatsun Maroko can tsallaken ruwa kana gani ƙarara. Yawancin waɗanda muka yi sahu da su 'yan Maroko ne, wani dattijo ya ce min mahaifinsa na cikin waɗanda aka kawo aiki bayan rufe boda, da ma'aikatan Sifen suka daina zuwa. Na daɗe zaune a wajen iska na kaɗa ni, ina tunanin ta wannan ruwan su Ɗariƙ suka ƙetaro.

Da dare na kunna talabijin ɗinsu a otal ana nuna ƙirga, ga kowace takarda da suna har goma, barci ya kwashe ni. Da safe na tarar Picardo ya sha da ƙyar, kujera 9 da 8, goman ma ba ta cika ba saboda masu raba ƙuri'a irin Baba mai tasi. Na so in sake haɗuwa da shi in tambaye shi ko ɗan ajin ƙanin nasa ya shiga, na leƙa tashar tasi sau biyu kafin in wuce Juma'a ban gan shi ba.