Kamfanin Inshora Ya Ci Shari'a, To Kuɗinka Fa?

Duk lokacin da aka ji kamfanin inshora ya kayar da Hukumar Inshora ta Ƙasa ta Ghana, wato NIC, a Babbar Kotu, sai direbobi a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi su saki jiki, a zatonsu kotu ta wanke kamfanin. Sau da yawa ba haka ba ne.

Idan NIC ta dakatar da kamfani ko ta soke lasisinsa, lauyoyinsa kan roƙi kotu ta sake duba matakin ƙarƙashin Oda ta 55 ta ƙa'idojin Babbar Kotu na 2004, kuma cikin wata 6 daga ɗaukar matakin ake shigar da irin wannan ƙara. A nan alƙali ba ya zama akanta mai duba asusun kamfani. Abin da yake tambaya shi ne: Dokar Inshora ta 2021, mai lamba 1061, ta ba hukumar wannan iko? An sanar da kamfanin laifinsa a rubuce? An ba shi damar kare kansa? Sashe na 23 na Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya wajabta wa hukumomin gwamnati adalci da bin ƙa'ida, don haka tsallake mataki ɗaya kan isa a rushe hukuncinsu, ko da asusun kamfanin ya bushe ƙayau. Hukumar tana iya gyara kuskurenta ta sake ɗaukar matakin, ko ta ɗaukaka ƙara.

Tushen rigimar galibi jari ne. A 2019 NIC ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshora daga sidi miliyan 15 zuwa miliyan 50. Kamfanin da ke fama da wannan ba ya cewa ba zai biya ka diyya ba, jan ƙafa yake yi: yau rahoton 'yan sanda, gobe takardar likita, jibi manaja ya yi tafiya.

Mai tirotiro ko tasi ya kula da abin da ke hannunsa. Danna *920*57# ka sa lambar mota; idan ba ta fito a rumbun bayanan NIC ba, sitikar da ke gilashinka ado ce kawai. Kuma tun 2014 doka ce, wanda bai biya kuɗin inshora ba, ba shi da kariya. Nan ake yawan zamewa: ka ba ejan kuɗi a tasha, shi kuwa bai kai kamfani ba. Karɓi rasiti mai sunan kamfanin, ba na ejan ba. In an ƙi biyanka, rubuta ƙorafi ka kai ofishin NIC na Kumasi tare da kwafin takardunka.